Gargaɗi ga masu sauya katin girafik: ana sayar da tsohon kati da sabon suna

Jama'a, duk mai tsohuwar kwamfutar gem da ke shirin ɗaura mata sabon katin girafik (katin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo), don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Abin da ya same ni ne ba na so ya sami wani.

Kwamfutata ta kwana biyu, amma da sauranta. Katin ne kawai ya gaza, gem na tafiya yana tsattsayawa. Na yi bincike na ga GTX 1050 Ti zai dace da ita, domin wat 75 yake ci, daidai abin da ramin PCIe na madabod (ramin da ake soka katin a babban allon cikin kwamfuta) ke iya bayarwa, ba sai na sauya akwatin wuta mai raba wa kwamfutar lantarki ba. Ana haka na ci karo da wani mai sayarwa a intanet, kati sabo fil a kwali, farashinsa ƙasa da na kowa. Na biya.

Da na sa shi, Windows ta nuna GTX 1050 Ti, memori gigabait 4. Hankalina ya kwanta. Amma direban (manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin) da na sauko daga shafin Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, ya ƙi aiki, sai wani tsoho da ke cikin faifan da aka haɗo a kwalin. Ƙananan gem suna tafiya. Da na buɗe babba kuwa, ko minti goma ba a yi ba launuka suka cakuɗe, allon ya cika da ɗigo-ɗigo, gem ɗin ya rufe kansa. Na sake, haka. Na kuma sakewa, haka.

Na yi wa mai sayarwar magana. Amsarsa ita ce ainihin tarkon, shi ya sa nake so ku riƙe ta: "Malam, katina lafiyarsa ƙalau. Madabod ɗinka ne ya tsufa, ba su dace ba. Ko kuma wutarka ba ta isa." Kuma na yarda, domin mai tsohuwar na'ura kullum ita yake fara zargi. Na kwashe kwanaki ina cire RAM ina mayarwa, na ari akwatin wutar abokina, na sake sa Windows. Duk wannan lokacin wa'adin kai ƙorafi yana ta gudu, abin da yake so ke nan.

Abokin nan nawa ne ya ce in sauko da GPU-Z, ƙaramar manhaja ta kyauta daga shafin TechPowerUp, mai nuna bayanan katin girafik. Tana buɗewa ta rubuta FAKE a gaban sunan katin, wato jabu. Tun 2018 suka sa mata wannan dabara saboda yawan irin wannan damfarar. GTX 1050 Ti na asali, wanda ya fito a 2016, ƙwayoyin aiki (ƙananan sassan da ke lissafin hoto) 768 gare shi. Nawa 192 ya nuna. Na kwance fankar, na goge man da ke kan cif ɗin, wato ƙwaƙwalwar katin, sai ga GF106 a rubuce, alhali GP107 ya kamata in gani. Ashe GTS 450 ne na shekarar 2010, mai gigabait 1 kacal, aka sauya masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin mai faɗin sunansa, ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Kura da fatar akuya. Gem na ganin gigabait 4 sai ya yi ta zuba kaya, da ya wuce ɗayan da ke akwai sai komai ya rushe. Direban ma shi ya sa ya ƙi, Nvidia ta daina fitar wa wannan zuriyar sabon direban gem tun 2018.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar tana gabana tun ranar farko. Katin yana da kafar VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15. Zuriyar GTX 10, wadda 1050 Ti ke cikinta, ta bar tsohon siginar da VGA ke amfani da shi, DVI-D da HDMI da DisplayPort ake sa musu. Ka ga shuɗiyar kafa a jikin wanda aka kira 1050 Ti ko 1060, ka ja da baya.

Batun "ba su dace ba" kuwa, a sani cewa an gina PCIe yadda sabon kati zai yi aiki a tsohon rami, sai dai gudu ya ɗan ragu. Rashin dacewa na gaskiya akwai shi, amma yana da kamanninsa: kati ya fi akwatin kwamfutar tsawo, akwatin wuta ba shi da filogi mai fin 6 ko 8, tsohon BIOS na madabod ya hana hoto fitowa tun daga kunnawa, ko firosesa ta kasa bin katin gem ya yi nauyi. Babu ɗaya a ciki da zai sa 768 ta koma 192. In kuma mai sayarwa ya ce ka jona katin mai cin wuta da wayar da ke juya SATA (filogin wutar hadis) zuwa fin 6, kada ka yarda. Kan SATA bai wuce wat 54 ba a layin bolt 12, yana iya narkewa.

A kula da RX 580, katin kamfanin AMD, shi ma. Na asali ƙwayoyi 2304 gare shi, amma akwai mai 2048 da aka yi wa kasuwar Sin, wanda kusan RX 570 ne, wasu kuma suna ɓoye wannan a talla. Haka katunan da suka sha haƙar kirifto dare da rana, da suka cika kasuwa bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifto, ta daina haƙa da kati a Satumban 2022, ana wanke su a sa a sabon kwali.

Kafin ka biya, ka ce ya turo bidiyon katin a cikin kwamfuta, GPU-Z a buɗe, da hoton kafofinsa na baya. Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka. Ranar da ya iso, ranar za ka gwada shi da gem mafi nauyi da kake da shi. Ni da na tura wa wanda ya sayar mini hoton cif ɗin, bai sake amsa mini ba, kuma har jiya tallarsa tana nan da hoton wannan kwalin.