Mota ta faɗi gwajin hayaƙi: abin da za ka fara saya, da abin da za ka bari a kanti

Takardar sakamakon gwajin ita ce abin da za ka fara karantawa, tun kafin wani bakanike ya ce maka katalis ne ya mutu, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi a layin salansa. Idan gwajin na auna hayaƙin salansa ne, za ka ga abubuwa uku. HC fetur ne da ya fita bai ƙone ba, kuma yawancinsa laifin filogi ne ko koyil. CO na hawa idan mai ya yi wa iska yawa: matatar iska ta toshe, nozul na ɗiga, ko sensa na ba kwamfutar mota labarin ƙarya. NOx kuma na zafin ƙonewa ne, sai a duba bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji) da hanyar sanyaya inji. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Duk abin da ya karkatar da wannan ma'auni, a salansa yake bayyana.

Zaɓin da ya fi kowanne sauƙin kuɗi, kuma shi muke fifitawa ba tare da wata-wata ba, shi ne ka mallaki ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota ta OBD-II. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da wannan soket mai ramuka 16 tun daga ƙirar 1996, na fetur a Turai kuma tun 2001, kuma galibi yana ƙarƙashin sitiyari. Wajen saye kada ka tsaya a wadda ke nuna lambar matsala kawai. Nemi mai nuna abubuwa uku: lambobin, bayanan inji yana aiki, da kuma matsayin gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta. Mai haɗuwa da waya ta Bluetooth ta wadatar, muddin tana nuna waɗannan.

Amfaninta shi ne ta raba ka da sayen kaya a kan zato. P0300 zuwa P0304 na nufin wani silinda na tsallake wuta. Canja filogi, sannan ka musanya koyil tsakanin silinda biyu ka ga ko lambar ta bi shi. P0171 na cewa iska ta yi yawa, kuma sau da yawa tiyo ne ya tsage bayan sensar auna iska, ko sensar ce ta yi datti. P0442 da P0455 tururin fetur ne ke zurarewa, kuma murfin tanki ne abin fara dubawa, wanda ba shi da tsada. P0128 kuwa tamostat ne ya maƙale a buɗe, inji ba ya kai zafinsa, kwamfuta na ta ƙara mai. Duba kuma adadin gyaran mai na dogon lokaci, wato yawan man da kwamfutar ke ƙarawa ko ragewa, wanda na'urar ke rubutawa LTFT: idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, akwai abin da kwamfutar ke ƙoƙarin rufewa.

Lambar da ke cinye kuɗin mutane ita ce P0420, da 'yar uwarta P0430. Ma'anarta ƙarfin katalis ya yi ƙasa, amma ba ta ce lallai ya mutu ba. Ƙaramar ɓula a salansa kusa da sensar oksijin da ke bayan katalis na iya kawo ta. Sai a kalli sensocin oksijin biyu, ta gaban katalis da ta bayansa, inji na da zafi. Ta gaba, idan irin ta da ce, tana hawa da sauka tsakanin kusan volt 0.1 da 0.9, ta baya ya kamata ta zauna kusan wuri ɗaya. Idan ta baya ta koma kwaikwayon ta gaba, katalis ya gaji da gaske. (Motoci da yawa na Toyota da Honda suna da wata irin sensa a gaba wadda ba ta yin wannan rawar, don haka kada a yanke mata hukunci da wannan ma'auni.) Ko an tabbatar ya mutu, a nemo abin da ya kashe shi. Ɗanyen fetur daga silinda mai tsallake wuta yana ƙonewa a cikinsa har ya narkar da shi, baƙin mai da ruwan lagireto kuma suna shafe fuskarsa. Wanda ya sa sabo bai gyara wannan ba, zai sake saye.

Idan saye ya zama dole, na kamfanin motar ya fi daɗewa, ya fi kuma tsada nesa ba kusa ba. Kafin ka biya, duba garanti: a Amurka, misali, doka ta sa kamfani ya ɗauki nauyin katalis har shekara 8 ko mil 80,000. Ga tsohuwar mota, na wani sanannen kamfani da aka ƙera daidai da samfurin motar, wanda ake ɗaurawa da noti ba walda, shi ne daidai. Na gama-gari da ake yankawa a yi walda ya fi arha, amma sau da yawa ya yi wa injin ƙanƙanta. Na hannu caca ce, kuma a wasu wurare doka ta hana sayar da shi. Ruwan kwalba mai alƙawarin tsallake gwaji ba ya tayar da abin da ya narke.

Inda ake yi wa mutane babbar cuta shi ne jabu. Abin da ke sa katalis tsada ƙarafa ne masu daraja, platinum da palladium da rhodium, da aka shafa a jikin wani farin dutse mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Mai jabu yana iya kawo gwangwani mai ƙyalli da dutsen a ciki, amma shafin ɗan kaɗan ne ko babu. Fitilar gargaɗin inji za ta mutu na 'yan makonni, sannan P0420 ta dawo, mai kaya kuma ya ce injinka ne. Ido ba ya gane yawan shafin, saboda haka abin dogaro shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen, wadda ta dace da littafin kamfanin, da garanti a rubuce, da rasit mai ɗauke da wannan lambar. Haska tocila ciki ka ga ramukan a jere ba karaya, ka girgiza ka ji ba ya ƙara. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi kansa shaida ne, domin ƙarafan nan ba su da arha a ko'ina. Ka kuma karɓi tsohon naka a hannu: masu narkarwa suna sayensa, kuma akwai masu cewa lafiyayye ya mutu don kawai su mallake shi, su lafta maka bututu fanko.

Sensar oksijin ma haka. Ana buga sunan Denso da NTK da Bosch a kwalayen da ba nasu ba. Ta jabu tana jinkirin amsawa ko hitarta ta ƙone da wuri, mota ta ƙara shan mai, sabon katalis ya tafi a banza. Saya da lambar kaya ta motarka, mai soket ɗinta, ba wadda za a yanke waya a haɗa ba.

Sai dabarun ɓoye laifi. Ƙaramin ƙarfen da ake ɗaurawa don janye sensa ta baya daga hayaƙi, cire ƙwan fitilar gargaɗi, taɓa manhajar kwamfuta: hayaƙin yana nan yadda yake, mutane na shaƙa, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne. Mai gwaji yana duba ko fitilar na kamawa idan an murɗa makulli. Goge lamba ko cire kan batir a ƙofar wurin gwaji ma ba ya aiki, domin yana mayar da gwaje-gwajen kwamfutar matsayin ba su kammala ba, a sallamo ka.

Bayan gyara na gaskiya, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi a cikin gari da babbar hanya, tanki tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu, har na'urar ta nuna gwaje-gwajen sun kammala. Idan baƙin mai ya tsufa ko yana warin fetur, a canja shi. Ranar komawa a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 tukuna, domin katalis ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Celsius. A tambayi hukumar gwajin ko sake gwaji kyauta ne cikin wani wa'adi, da ko tana ɗaga ƙafa ga wanda ya kashe wani adadi a gyara. Inda ake yin haka, rasit ɗin gareji ake nema, wani lokaci ma sai na garejin da hukumar ta amince da shi.