RAM ce ko akwatin wuta? Duba yadda take mutuwa tukuna

Malam, ka ce kwamfutarka ta tebur, HP 'yar kwatano, tana ɗaukewa sau biyu ko uku a yini, wani lokaci ta sake tashi da kanta. Wani mai gyara ya ce maka RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, wani kuma ya ce akwatin wutarta ne, wato fawa fak mai rarraba wuta ga sassan kwamfutar, kana so ka san wanne za ka fara saya. Ni dai shawarata kada ka sayi ko ɗaya yanzu, domin mutuwar da kowannensu yake jawowa ba iri ɗaya ba ce.

RAM mai matsala takan bar wasiyya. Windows ce take lura cewa abin da ta ajiye ya sauya, sai ta tsayar da komai, ta fito da shuɗin allo mai ɗauke da sunan matsalar. Waɗanda aka fi gani su ne MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA da IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Abin da ya fi sa ni zargin RAM shi ne idan sunan yana canzawa, yau wannan gobe wancan, ba tare da la'akari da aikin da kake yi ba. In kuwa kullum fayil guda ne mai ƙarewa da .sys yake bayyana, to ka fara zargin manhajar da ke tuƙa wata na'ura, ba ƙarfen ba. RAM tana da wasu halaye kuma: shafukan Chrome su riƙa rufewa haka kawai, fayil ya lalace bayan ka kwafe shi, saka manhaja ya tsaya a tsakiya.

Akwatin wuta ba ya yin sallama. Allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya, kamar an zare filogi. Kuma yana da lokacinsa: sa'ad da ka ɗora wa na'urar aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyo, ko sa'ad da firji ko injin jan ruwa ya tashi a gidan, ko ana sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta.

Kafin ka rantse babu shuɗin allo, ka tabbatar ba wucewa yake yi da sauri ba. Shiga System Properties, sai Advanced, sai Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan ka buɗe Event Viewer, inda Windows take rubuta abubuwan da suka faru, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41 a ƙarƙashin System. Mutane da yawa suna ganin wannan lambar su yanke hukunci a kan wuta, alhali abin da take nufi kawai shi ne kwamfutar ba ta kashe kanta yadda ya kamata ba. BugcheckCode da ke cikin bayaninta shi ne abin dubawa. In 0 ne, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, wanda ya fi kama da yankewar wuta. In wata lamba ce daban, an yi shuɗin allo ko da ba ka gan shi ba.

Wajen gwaji, RAM ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba. Akwai mdsched.exe a cikin Windows, amma na fi yarda da MemTest86, wanda ake ɗorawa a filashi a tashi kwamfutar daga kansa. Ka bar shi ya kammala zagaye 4. Yana cin sa'o'i, don haka ka nemi lokacin da wuta za ta zauna. Kuskure ko ɗaya ya fito, akwai matsala. Amma kar ka yi saurin jefar da RAM ɗin. Kashe na'urar, zare waya, taɓa ƙarfen jikinta da hannu, ka ciro RAM ɗin ka goge haƙoranta masu ruwan zinariya da robar goge fensir, ka hure ramin, ka mayar har ta yi ƙas. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sa lafiyayyar RAM ta yi kamar ta lalace. In guda biyu ne, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka kuma sauya musu rami, don wani lokaci ramin ne ya mutu.

Akwatin wuta ya fi wuyar kamawa. A ƙa'ida layin bolt 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Sai dai mai gyara zai iya sa mita ya ga komai daidai alhali na'urar tana zaune ba ta aikin komai, sai an matsa mata wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, abin da mita ba za ta nuna ba. Gwajin da na amince da shi shi ne aron wani lafiyayyen akwatin a sa, a yi kwana biyu ana aiki. A nan 'yan kwatano suke da tasu wahalar: HP da Dell da yawa suna da nasu irin kan waya, ba kowane akwati ne zai shiga ba, sai ka kwafi lambar da ke jikin naka. Kuma don Allah kada ka kwance shi da kanka, akwai wutar da ke zama a cikinsa ko bayan an cire filogi.

Akwai na uku da masu gyaranka ba su ambata ba, wato zafi. Shi ma shiru yake kashe kwamfuta, musamman a bazara in ɗaki ya haura digiri 40. Sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka duba. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana haura digiri 90 kafin ta ɗauke, share ƙura da sabon man sanyaya furosesa za su iya kashe maganar.

Daga bayaninka na fi karkata ga wuta ko zafi, tunda ba ka ambaci wani rubutu a allo ba. Ka kai ta inda ake da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir, ko inbata ta yini a can. In ba ta ɗauke ba, ka fi zargin wutar gidanka a kan akwatin. Kafin duk wannan ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri yau ɗin nan, domin RAM mai matsala fayil take ɓatawa, akwatin wuta kuwa idan ya ƙone yana iya tafiya da bod, wato babban faifan da sassan suke haɗe a kai, da diskin ajiya gaba ɗaya.