Kafin ka sayi kit ɗin ciro DNA ko injin yanka shi, duba wannan

'Yan uwa masu aikin lab a nan Kumasi, musamman ɗaliban jami'ar KNUST da ke shirin zuba kuɗi a kayan aiki, DNA ɗinka fa na iya lalacewa a hannunka tun bai shiga injin karanta jerinsa ba. Cikin harufansa huɗu, wato A, C, G da T, G ne ya fi saurin kamuwa da oksijin, sai ya rikiɗe ya zama 8-oxoG, shi kuma wannan yakan manne wa A maimakon C, inji ya rubuto maka T a gurbin G, kai ko ka ɗauka canji ne na gaske a jikin mara lafiya. A 2013 masu bincike na Broad Institute a Amurka suka ci karo da wannan a samfuran kansa, da suka bi diddigi sai suka ga wajen yanka DNA da injin sauti ne ɓarnar ke shiga, balle in ruwan samfurin bai da tsabta.

Wajen ciro DNA, phenol da chloroform sun fi arha ba musu, amma in kwalbar phenol ta daɗe har ta fara ja to ta sha iska kenan, kar ka kusance ta, ga tururinsa da ke buƙatar wurin zuƙe iska. Kit na kolum, wato ɗan bututu mai matata, irin na kamfanin Qiagen ya fi sauri kuma ya ishe ka in karanta jerin DNA kawai za ka yi. In kuwa ɓarnar kanta kake son aunawa, hanyar sodium iodide ce aka sani da ƙarancin ƙara lalacewa, sannan a sa deferoxamine tun daga farko. Wannan maganin dai shi ne ake ba masu sikila da ƙarin jini ya tara musu ƙarfe a jiki, a lab ma aikinsa kenan, ya kame ƙarfen da ke hura wutar lalacewar, kuma wallahi ni a ganina shi ya fi cancantar kuɗinka a duk jerin sayayyar.

Yanka kuma injin Covaris na ba da gutsattsari masu tsawo kusan ɗaya amma tsadarsa ba ta ɗalibi ba ce, in har ka samu inda za ka yi amfani da shi to ka fara wanke samfurin da ƙwayoyin maganaɗisu na AMPure ka mayar da shi cikin ruwan ajiyar DNA na TE mai EDTA, sinadarin da shi ma ke kame ƙarfe, ba ruwa zalla ba. Yanka da enzayim bai buƙatar inji, sai dai yana da nasa kurakuran, kuma dole firiza ta riƙe digiri -20, kun dai san halin dumsor, wato ɗauke wuta.

Masu son auna ɓarnar su lura sosai. Kwamitin ESCODD da aka kafa a Turai a 1997 don daidaita awon irin wannan ɓarna ya gwada hanyoyi daban-daban, injin tantance sinadarai na GC-MS ya riƙa ba da adadi sama da kima saboda zafin da ake gasa samfurin da shi, gwajin comet mai duba karyewar DNA a ƙwayar halitta, da enzayim Fpg mai yanka DNA inda 8-oxoG yake, kuma ya ba da ƙasa, ƙarshe suka ce ainihin adadin 8-oxoG na tsakanin 0.3 da kusan 4 cikin G miliyan ɗaya. Kit ɗin ELISA, mai nuna adadi ta canjin launi, ya fi sauƙin saye amma shi ma yana kumbura lamba, ni dai ba zan jingina digiri a kansa shi kaɗai ba. Comet zan zaɓa in akwai madubin likita mai haske na musamman a sashenku.

Haɗin enzayim mai gyara DNA irin na NEBNext yana taimako kafin karanta jerin DNA, amma mai auna ɓarna kar ya taɓa shi don zai share abin da yake nema. Manhajar Picard kyauta ce kuma tana duba alamar 8-oxoG a sakamakonka. Sannan kafin ka biya ko sidi ɗaya ka tambayi dillalin ta yaya enzayim ɗin zai taso daga Accra ya iso Kumasi da sanyinsa, da busasshiyar ƙanƙara ne ko a bayan mota kawai.