Westerman ko Dunn: wanne za a fara saurara?

Mawaƙa biyu ne 'yan asalin ƙasa daga Arewacin Amurka, kowannensu da jita da murya, kuma faifansu na farko ba su yi nisa da juna ba.

Floyd Westerman, ɗan ƙabilar Dakota ne daga Dakota ta Kudu a Amurka. Faifansa, Custer Died for Your Sins, ya ɗauki sunansa daga littafin Vine Deloria na 1969. Kiɗan irin na karkara ne, mai sauƙin shiga kunne, amma kalmomin da kaifi. Yana zagin 'yan mishan da masu binciken al'adu da suka mai da mutanensa abin kallo, kuma yana yi da ba'a.

Willie Dunn, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Mi'kmaq ce, an haife shi a Montreal ta Kanada a 1941. Shi ba ya ba'a. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar mai ta'aziyya. A waƙarsa "Charlie" ya ba da labarin Chanie Wenjack, wanda ake kira Charlie, yaro ɗan shekara 12 da ya gudu daga makarantar kwana ta tilas, irin wadda ake kai yaran 'yan asalin ƙasa, a 1966, ya bi layin dogo zai koma gida, sanyi da yunwa suka kashe shi. Shi ma Westerman an kai shi irin wannan makarantar tun yana ƙarami, ya san zafin abin.

Ni dai Dunn ya fi taɓa min zuciya. Wanda bai san tarihin ba ya fara da Westerman, don yana kiran sunayen masu laifin a fili, sannan ya koma ga Dunn.