Jinya ko likitanci: amsa ga Yaya mai 'yar da ta ci bak

Yaya, tun jiya na ga tambayarka, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Ka ce 'yarka ta ci bak D, wato jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, ta zauna konkur ɗin likitanci, jarrabawar neman gurbin shiga, ba ta samu ba, yanzu hankalinta ya koma aikin jinya, amma baffanninta sun ce wannan aikin 'ya'yan talakawa ne, gara ta zauna gida ta sake gwadawa baɗi. Ka nemi a jera maka su biyun ka gani. Shekarata 14 ina jinya, mafi yawansu a nan Garwa ta Kamaru, to ga abin da na sani.

Karatun likitanci shekara 7 ne bayan bak, ƙofarsa kuwa ƙarama ce, konkur na ƙasa baki ɗaya. Sauƙin da aka samu shi ne yanzu akwai tsangayar likitanci a nan Garwa, ba dole sai Yawunde ko Duwala ba. Jinya shekara 3 ce, ita ma da konkur, na Ma'aikatar Lafiya, a fito da takardar shaidar jinya ta gwamnati da muke ce wa IDE. Ina zaton baffannin nata sun haɗa IDE da masu taimaka mana a ɗakin marasa lafiya, waɗanda karatunsu gajere ne kuma ba a nemansu da bak. Su ma ba abin rainawa ba ne, ranar da babu su ɗakin kwanciya tsayawa yake cak, amma dai ba mataki ɗaya ba ne.

A takardar gwamnati ba zan ɓoye maka ba, a matakan ma'aikata likita na rukunin A, mu muna B, albashi ma haka ya bi. A babban asibiti kuma bambancin a fili yake. Likita ya zagayo da safe, ya rubuta magani, ya wuce. Ke ma'aikaciyar jinya, ke ce za ki nemo jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ke za ki sha zagin ɗan'uwan mara lafiya da ƙarfe uku na dare. Ranar sallama kuma Alhaji ya riƙe hannun likita da hannu biyu yana godiya, ke ko kallo ba ki samu ba. Wannan yana da ciwo, har yau ban saba ba.

Amma fita daga birni ka ga yadda abin ke juyewa. Ƙananan asibitocin karkara, waɗanda ake kira CSI, ma'aikacin jinya ne shugabansu, babu likita. Na yi shekara 3 a wani ƙauye ta wajen Gidar. Ni ce awon ciki, ni ce rigakafi, ni ce karɓar haihuwa, wani lokaci da fitilar waya a baki saboda hannuwana duka biyu na aiki. Da damina idan zazzaɓin sauro ya taso, tabarma har gindin dalbejiya. Kowa Dakta yake ce mini, na gaji da gyarawa na bari. Jauro, mai garin, kan aiko da zabi da ƙwaryar nono, in an yi suna kuwa ni ake fara kai wa ƙwarya. Lokacin da aka kawo takardar nan ta masu ciki ta jaka 6, wadda ake biya sau ɗaya don awo da haihuwa, matan da ba su taɓa taka asibiti ba sun zo, don sun ji mace 'yar'uwarsu mai jin Hausa da Fulatanci ce za ta duba su.

Abin da baffannin ba su lissafa ba shi ne matirkil, lambar da gwamnati ke ba wanda ta ɗauka aiki. Nan ne ainihin tsanin yake. Ma'aikacin jinya da gwamnati ta ɗauka, mai albashi duk wata da fansho a gaba, ya fi mai babbar takarda da ke yawo tsakanin asibitocin kuɗi kwanciyar hankali. Ni kaina na yi shekara 2 ina aiki kusan kyauta a wani asibiti, sai ɗan abin da aka raba mana ƙarshen wata, kuɗin mashin ma ba ya isa. Ka shirya wa wannan, ko wanne ta zaɓa, don na ga likitoci ma suna jira. Sai dai mai IDE tana fara jiran nata shekara 4 kafin ƙawarta mai karatun likitanci ta gama makaranta. Daga baya tana iya ƙaro karatu ta ƙware, a fannin sa barci wajen tiyata ko ido, ko ta shiga ƙungiyoyin agaji da ke aiki wajen Mora da sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo.

Maganar aure kuma, tunda na san ita ce a ƙarƙashin zancen: duka biyun akwai kwanan asibiti. Mijin da ba zai ɗauki aikin dare ba, ba zai ɗauka ba ko matar tasa farfesa ce.

Da 'yata ce, ba zan bar ta zaune shekara guda tana tankaɗen gari ba. Ta shiga jinya, in har ita ke so, ba don ta rasa wancan ba. Kafin ku yanke, ka turo mini ita ranar Asabar, ta wuni tare da ni a ɗakin yara. Ta zo da takalmi mai rufi, kuma ta karya kumallo sosai.