Asabar shida da fitattun masu magana da Jamusanci a wata cibiyar harsuna ta Maraɗi

Wata ƙaramar cibiyar koyon harsuna da ba ta da nisa da babbar kasuwar Maraɗi ta shirya jerin darussa na ranakun Asabar, daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, kan fitattun masu magana da Jamusanci a tarihi da kimiyya da al'adu. Na biya jaka shida, wato jaka guda ke nan kowane zama, kuma ban yi fashin ko ɗaya ba. Malamin da Hausa yake bayani, sunaye da shekaru kaɗai yake rubutawa a allo, kuma tun ranar farko ya faɗa mana cewa Jamusanci bai tsaya a iyakar Jamus ba, domin shi ne harshen Ostiriya da na mafi yawan mutanen Siwizalan.

Zama biyu na farko kan kimiyya ne, kuma a nan ne gwanintar malamin ta fara bayyana, saboda ba ya ambaton mutum sai ya nuna mana inda aikinsa yake a rayuwarmu. Da ya zo kan Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi a 1895, har ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fizik a 1901, sai ya tambayi wanda aka taɓa aikawa ya yo radiyo, wato hoton ƙashi, a asibiti, hannuwa suka tashi da yawa. Robert Koch ya shigo ta hanyar tarin fuka, wanda ya gano ƙwayar cutarsa a 1882. Fritz Haber da Carl Bosch kuwa ta buhun takin zamani suka shigo, domin su ne suka samo hanyar haɗa sinadarin amoniya daga iskar da muke shaƙa, aka kuma fara yin sa a masana'anta a 1913. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Martin Klaproth, wanda ya gano uraniyom a Balin a 1789, ƙarfen da ake haƙowa a Arlit, muna jin sunansa kullum a labarai ba tare da mun san wanda ya raɗa masa shi ba. Einstein, duk da sunansa ya fi na kowa, minti goma kawai ya samu, kuma ban ga laifin haka ba.

Zaman kiɗa da adabi shi ne mafi rauni. An kunna mana Mozart da Beethoven ta wayar salula, ƙarar babura daga titi ta danne sautin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa marubucin Jamus Goethe ya karanta fassarar waƙoƙin Hafiz na Farisa, suka taɓa shi har ya fitar da nasa kundin waƙoƙi a 1819.

Idan aka ce in zaɓi zama ɗaya in biya masa duka jaka shidan, na biyar zan zaɓa, wanda aka keɓe wa waɗanda suka taka ƙasarmu da ƙafarsu. Da yawanmu mun ji labarin Heinrich Barth, mutumin Hambug da ya kira kansa Abdul Karim, wanda ya baro Tarabulus a 1850 cikin wata tawaga da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta, ya shiga Agadas a shekarar, ya biyo ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 ya nufi Katsina da Kano, daga bisani ya kai Tambutu a 1853. Wanda ba mu sani ba shi ne abokin tafiyarsa Adolf Overweg, masanin duwatsu, wanda ya rabu da shi a wajen Tasawa ya yo yamma zuwa Gobir da Maraɗi, a zamanin da sarakunan Katsina da na Gobir da suka kafu a wannan yanki ke ta gwabzawa da daular Sakkwato. Malamin ya tuna mana cewa garin da Overweg ya gani shi ne tsohuwar Maraɗi ta cikin kwarin gulbi, tun kafin ambaliyar 1945 ta sa a hayo tudu. Wani dattijo da ke zaune a gaba ya gyara zama ya ce, “Malam, ashe baƙon namu ne, ga shi ko sunansa ba a koya mana a lakwal ba.” Overweg ya ci gaba zuwa Barno, ya zagaya Tafkin Cadi cikin wani jirgin ruwa da aka ƙetaro Sahara da shi gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, ya rasu a bakin tafkin a 1852 yana da shekara 30.

Daga nan labarin ya koma kan harshenmu. Overweg ya ƴanta wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan yankin Kance ta ƙasar Damagaram, wanda Barth ya tafi da shi Turai a 1855 tare da wani mai suna Abbega. A Ingila Dorugu ya zauna da Jakob Friedrich Schön, wani ɗan mishan haifaffen Jamus, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi, kuma da wannan taimako ne Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Wato wani kaso mai tsoka na Hausar da Turawa suka fara karantawa a boko daga bakin yaron ƙasar Damagaram ya fito, sunan da ke bangon littafin kuwa na wani ne. Na yaba wa malamin da bai ɓoye wannan ba, ya kuma rufe da Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, haifaffen Basel ta Siwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909.

Sai dai gaskiyar da ya faɗa kan Schön bai faɗe ta kan sauran ba, kuma wannan ne babban abin da nake riƙe da shi. An yaba wa Haber kan taki, ba a ce shi ne ya jagoranci amfani da iska mai guba a kan sojoji a Beljiyam a 1915 ba. An yaba wa Koch, ba a ambaci gwajin maganin ciwon barci da ya yi a kan mutanen tsibiran Tafkin Biktoriya a 1906 da 1907 ba, maganin da ya makantar da wasu. An gabatar da Bismarck a matsayin wanda ya haɗe kan Jamus a 1871, sai da wata ɗalibar lise ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ba shi ne ya tara Turawa a Balin a 1884 kan rabon Afirka ba?” kafin ya amsa da ƴan kalmomi. Ita ce kuma ta tambayi inda mata suke, aka ba ta sunan Lise Meitner ta Biyana, wadda ta bayyana yadda ƙwayar uraniyom ke tsagewa, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Ɗakin ƙarami ne, kujeru ba su isa ba, kuma sau biyu wuta ta ɗauke muka ƙarasa cikin zafi. Takardun da ake rabawa da Faransanci kawai aka buga su, alhali kusan rabin masu zuwa ƴan kasuwa ne da suka fi sakewa da Hausa. Malamin lakwal da ɗalibin lise da mai sauraron sashen Hausa na DW da ke son sanin mutanen da yake jin sunayensu duk za su ci ribar kuɗinsu, amma ina ba su shawara su zo da littafin rubutu da tambayoyinsu a shirye, domin malamin yana amsawa da kyau idan an matsa masa. Na roƙi masu cibiyar su raba zama na biyar gida biyu a zagaye mai zuwa, su rage na kiɗa, kuma sun ce za su duba.