Na'urar awon hawan jini ta Omron M3 Comfort: ta dace da uwar da ta haifi jariri ƙasa da kilo 2.5?

Matar da jaririnta ya zo ƙasa da kilo 2.5 tana cikin waɗanda likitoci ke sa wa ido kan ciwon zuciya a gaba, musamman idan hawan jinin ciki ne ya tauye girman ɗan. Jini kuma yakan fi hawa kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, lokacin an riga an sallame ta.

A nan wannan na'urar awon hawan jini ke da amfani. A dantse ake ɗaura ta, kuma ta fi ta wuyan hannu aminci nesa ba kusa ba. Maɗaurinta na kama dantsen santimita 22 zuwa 42. Wanda ya wuce haka sai a nemi babba, domin matsattsen maɗauri yana ƙara lamba. Batir AA huɗu take ci, tana adana awon mutum biyu, kowanne awo 60.

Ki zauna minti 5 tukuna, bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa, dantse daidai da zuciya, ban da magana. Ki auna sau biyu, tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7.

Raunin na'urar: motsi kaɗan yana ɓata awon, kar a gwada ana shayarwa. Alamar bugun zuciya marar tsari da take nunawa kuma gargaɗi ne kawai, likita ke tabbatarwa.

Idan ta nuna 140/90 sau da yawa, a ga likita. Ta kai 160/110, ko ga ciwon kai da dishi-dishin gani, a tafi asibiti nan take.